Tsaron DNS

Tsaron DNS shi ne matakan da ake ɗauka domin kare sabobin da ke fassara sunayen shafukan intanet zuwa lambobin adireshi na IP. Waya da kwamfuta ba su san suna irin jamb.gov.ng ba, lamba suke bi, kuma DNS ne ke haɗa kowane suna da lambarsa. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a shekarar 1983, lokacin da masu amfani da intanet ba su da yawa, don haka ba a gina masa hanyar tantance sahihancin amsa ba. Duk wanda ya iya gurɓata amsar zai iya kai mutum shafin bogi, ko da ya rubuta adireshin daidai.

Yadda yake aiki

Idan ɗalibi a Bagudo ta Jihar Kebbi ya buɗe shafin JAMB, wayarsa tana tura tambaya ga sabar kamfanin layinsa. In ba ta da amsar a ajiye, sai ta tambayi sabobin tushe, su nuna mata na .ng, su kuma su nuna na gov.ng, har a kai ga sabar da ke riƙe da lambar shafin. Daga nan ta adana amsar na ɗan lokaci domin masu tambaya na gaba.

Sabobin tushe suna da sunaye 13, ƙungiyoyi 12 ne ke gudanar da su. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng, hukumar NITDA kuma ke kula da gov.ng. Jamhuriyar Benin, da ke iyaka da Bagudo, tana amfani da .bj. Ɗan kasuwar da ya tsallaka iyaka ta Tsamiya ya sa layin Benin a wayarsa, tambayarsa za ta bi ta sabar kamfanin can ne. A duka ɓangarorin, yawancin mutane suna dogara da sabar da ba su zaɓa ba.

Haɗura

Gurɓata ajiya: maharin yana cusa amsar ƙarya a sabar kafin ta gaskiya ta iso, sai sabar ta riƙa raba ta ga duk mai tambaya. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna sauƙin yin haka, domin lambar shaidar tambaya ba ta wuce guda 65,536 ba, ana iya cankar ta.

Ƙwace suna: idan aka sace kalmar sirrin asusun da aka yi rajistar suna da shi, ana iya karkatar da shafin da saƙonnin imel ɗinsa baki ɗaya. Shafukan bankuna da na gwamnati na cikin waɗanda ake hari.

Ambaliyar tambayoyi: ana cika sabar da saƙonni har ta kasa amsawa. A ranar 21 ga Oktoba 2016, harin da aka kai wa kamfanin Dyn ta hanyar kyamarori da wasu na'urorin da manhajar Mirai ta kama ya hana mutane da dama a Amurka da Turai shiga Twitter da Netflix.

Kuskuren ma'aikata: a ranar 4 ga Oktoba 2021, kuskure a lokacin gyara ya yanke hanyar zuwa sabobin DNS na Facebook. Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya kusan sa'o'i shida a duniya, har da Najeriya.

Matakan kariya

Babbar kariya daga amsar ƙarya ita ce DNSSEC, wato sa hannu na lantarki a kan bayanan suna, ta yadda sabar za ta ƙi amsar da aka taɓa. An sa wa tushen DNS hannu a watan Yulin 2010. Sai dai DNSSEC ba ya ɓoye tambaya. Ɓoyewa aikin DoH da DoT ne.

Masu gudanar da sabobi kan ajiye aƙalla sabobi biyu a wurare da layuka daban, domin ɗaukewar wuta ko yankewar waya a wuri ɗaya kada ta durƙusar da shafi. Suna raba sabar da ke riƙe da bayanai da mai neman amsa, su hana ta biyun amsa wa baƙi, domin da irin waɗannan buɗaɗɗun sabobi ake ƙara ƙarfin hari. Haka kuma suna sabunta manhaja irin BIND da Unbound, su kulle asusun rajista da tantancewa mai mataki biyu, su kuma biya kuɗin sabunta suna kafin wa'adi ya cika.

Mai shagon kwamfuta ko POS ya kamata ya canza kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, domin ta nan ake sauya saitin DNS. Idan burauza ta yi gargaɗi kan takardar shaidar shafin banki, kada a shigar da lambar sirri.