Babban Yatsanki Amana Ce

 Yau ina so kowacce ta buɗe tafin hannunta ta dubi cikin babban yatsanta da kyau. Za ki ga waɗansu 'yan layuka siri-siri sun yi zagaye kamar saƙar faifai. Tun kina cikin mahaifiyarki aka zana miki su, ba kuwa za su sake ba har tsufa. Ba a taɓa samun mutum biyu masu zane iri ɗaya ba, ko da tagwaye ne. To, wannan ɗan zane ya kama masu laifi, ya kuma ɗaure marasa laifi, gwargwadon hannun da ya faɗa.

Asalin aiki da shi a ofis daga ƙasar Indiya ne, zamanin da Turawan Ingila ke mulkinta. A cikin 1858 wani Bature, William Herschel, ya sa wani ɗan kwangila ya shafa tawada a hannunsa ya danna a kan takardar alkawari, don kada gobe ya ce ba shi ba ne. Da ya ga dabarar ta yi, sai ya riƙa sa masu karɓar fansho su dangwala yatsa, don kada wani ya zo ya karɓi kuɗin wanda ya riga ya mutu.

Daga nan labarin ya kai kunnen 'yan sanda na ƙasashe. A cikin 1892, a wani gari na ƙasar Ajantina, aka iske yara biyu an kashe su a ɗaki. Uwarsu ta ce maƙwabcinsu ne. Aka kama bawan Allah, aka matsa masa, ya ce shi bai san zancen ba. Sai wani sufeto ya ga alamar yatsa ta jini a jikin ƙofa. Ya yanke wurin, aka gwada bisa tsarin da wani ma'aikacin 'yan sanda, Juan Vucetich, ya shirya. Ashe yatsan uwar ne. Ta amsa laifinta, aka saki maƙwabci. Kun ga, ba don wannan zane ba da an hallaka mutum a banza. Ba da daɗewa ba aka buɗe ofishin tara zanen yatsu a Kalkata a 1897, na Landan kuma a 1901.

Amma fa wuƙar da ke yanka nama a madafa ita ce ke yanka hannu. Masu mulki suka lura abin da ke gane ɓarawo zai iya gane kowa, ya san inda yake da inda za shi. A nan Afirka aka fi ɗanɗana wannan. A cikin 1907 hukumar Transvaal, a Afirka ta Kudu, ta tilasta wa Indiyawa maza mazauna ƙasar su ba da zanen yatsunsu goma, sai ka ce 'yan kurkuku. Mahatma Gandhi, wanda lauya ne a can a lokacin, ya jagoranci ƙin wannan doka, har a 1908 jama'a suka taru a bakin wani masallaci a Johannesburg suka ƙone takardunsu. A Kenya kuwa, wajen 1920, aka fara sa maza baƙar fata su rataya wani ɗan gwangwani a wuya, ana ce da shi kipande. A ciki akwai takarda mai sunan mutum da zanen yatsansa da abin da maigidansa Bature ya rubuta a kansa. In ya bar aiki ba da izini ba, takardar nan ita za ta tona shi.

Sa'an nan abin ya zo kan mata. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ce mata baƙar fata su ma tilas su riƙa yawo da littafin izini, kamar yadda mazansu ke yi. Wadda aka kama ba ta da shi, sai ofishin 'yan sanda, ko da ta bar jariri a gida. Ran 9 ga Agusta 1956, mata wajen 20,000, waɗansu da goyo, suka nufi ofishin Firayim Minista a Piritoriya. Lilian Ngoyi da Helen Joseph da Rahima Moosa da Sophia Williams suna gaba. Suka ajiye takardun kukansu a bakin ƙofa, suka tsaya shiru rabin sa'a. Ba a soke dokar a ranar ba, sai a 1986, amma har yau ran 9 ga Agusta ranar hutu ce a ƙasar, don tunawa da matan nan.

To, ina ruwanmu da duk wannan? Ruwanmu babba ne. A Arewacin Nijeriya mata ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, ƙuri'ar kuwa da babban yatsa ake dangwala ta. Tun 2014 bankuna ke ɗaukar zanen yatsun masu ajiya suna ba su lambar BVN. A zaɓen 2023 na'ura ce ta riƙa duba yatsa ko fuska kafin a ba mutum takardar ƙuri'a. Watau yatsanki yanzu shi ne mabuɗin kuɗinki, shi ne kuma muryarki wajen zaɓen shugaba. Don haka ɓarawo yana nemansa, mai son mulki ma yana nemansa.

Saboda haka ga shawarata. Kada ki dangwala yatsa a kan takardar da ba ki karanta ba, ko ta gado ce, ko ta filin gona, ko ta rance. In ba ki iya karatu ba, ki kira wanda kika amince da shi ya karanta miki a fili, ki ji, ki gane. In wani ya zo da na'ura yana ɗaukar yatsu da sunan tallafi, ki tambaye shi wa ya aiko shi, ina kuma za a ajiye abin da ya ɗauka. Tambaya ba rashin kunya ba ce. In an bugo miki waya ana neman lambar BVN ko lambobin sirri na katinki, kada ki faɗa. Ran zaɓe kuwa, kada ki sayar da dangwalenki a kan sabulu ko turmin atamfa. Sabulu ya ƙare cikin mako, mulki kuwa shekara huɗu ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ku dage da karatu, domin ku ne idon iyayenku. Makulli in ya ɓace a sayo wani, amma yatsa ba a sake shi a kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.