Shirun Fadamar Wurno

Duk wanda ya san fadamar Wurno da rani ya san ƙararta. Tun asuba injinan ban ruwa ke ɓaɓatu, warin fetur na cakuɗe da na tafarnuwa. Bana na sauka gonar wani dattijo, abokin mahaifina, sai na ji tsit. Ga albasa koriya shar, ga fangali jiƙe sharkaf. To, wa ke ba ta ruwa?

Hankalina ya fara zuwa kan 'yan bindiga, don sun raba manoma da yawa da gonakinsu a Rabah da Goronyo, amma gonar da aka gudu aka bari ba ta kwana da danshi. Na ce ko ruwan kanal ne. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 kan kogin Rima tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma don noman rani da ruwan sha aka gina ta. Sai dai gonar nan a ɗan tudu take, ruwa kuwa ba ya hawa da ƙafarsa.

Saura lantarki. Na duba gabas da yamma, ba falwaya ko ɗaya. Madatsar ba ta ba da wuta, tsayinta mita 21 ne kacal a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wutar Sakkwato daga Kainji take tasowa, ta biyo ta Birnin Kebbi, kafin ta iso ƙauyukanmu ta gaji.

Sai na bi mesa. Ta ratsa kunyoyi ta kai ni bakin rijiyar burtsatse, inda wani ɗan famfo ke ƙugi ƙasa-ƙasa kamar mage. Daga jikinsa waya ta fita, ta zagaya bayan bukka. Can na tarar da faranti huɗu na sola jingine da kara, dattijon na goge musu ƙura da gefen rawaninsa.

"Ɗana, fetur ya kore mu," in ji shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce dubu. Raguna ya sayar ya sayi farantan nan.

Na leƙa bayan farantin: ƙirar Sin. Ƙasar da har yau fiye da rabin wutarta daga kwal take fitowa, ita ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na farantan solar duniya, don ta tsara hakan shekaru da dama kafin ta ci riba. Mu ma muna da tsari. A 2022 Nijeriya ta ƙaddamar da shirin sauya makamashi zuwa 2060, ta jingina shi da gas, amma bututun gas na AKK a Kano zai tsaya, ba zai iso mu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne manomin Rima ya riga shirin isa, da kuɗin ragunansa, ba rance mai sauƙi, ba mai gyara a kusa. A ganina nan ya kamata a fara zuba kuɗin.

Na tambaye shi in famfon ya lalace fa. Ya nuna mini tsohon injin fetur ƙarƙashin buhu, ya ce shi ya sa bai sayar da shi ba.