Kusurwar Lissafi: Kada A Manta Da Abin Da Ke Saman e

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan SS2 da SS3 masu shirin WAEC da NECO, wannan makon mun ɗauko wani wuri a kalkulas inda maki ke yawan zubewa, wato difarenshiyeshan na lambar e idan tana ɗauke da pawa. A nan alamar ^ na nufin pawa.

Ita e lamba ce da ta kai kusan 2.718, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ne ya sa mata wannan harafi. Halinta na musamman shi ne, idan y = e^x, to dy/dx = e^x. Ba ta canjawa. Wannan sauƙin ne ke ruɗar mu, sai mu zaci e^(3x) ma haka za ta fito. A'a.

A nan ƙa'idar sarƙa ke shigowa. Mu ɗauka mota ta ninka babur gudu sau 2, babur kuma ya ninka keke sau 3. Sau nawa mota ta ninka keke? Sau 6, domin ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Haka ƙa'idar take: dy/dx = dy/du × du/dx.

Mu gwada da y = e^(3x). Mu kira abin da ke sama u, wato u = 3x, sai y = e^u. Ke nan dy/du = e^u, kuma du/dx = 3. Idan muka ninka, amsa ita ce 3e^(3x).

A taƙaice, a sake rubuta e da pawarta yadda take, sannan a ninka da difarenshiyeshan na pawar. Don haka:

e^(x²) za ta ba da 2x·e^(x²)
e^(5 − 2x) za ta ba da −2e^(5 − 2x)

A lura da alamar ragi a misali na biyu. Mantawa da ita kaɗai ya isa ya ɓata amsa.

Wani tarkon shi ne 2^x. Wasu kan sauko da x su rubuta x·2^(x − 1), kamar yadda ake yi wa x². Kuskure ne, domin a x² pawar ce tsayayyar lamba, a 2^x kuwa pawar ce ke canjawa. Tunda 2 = e^(ln 2), to 2^x = e^(x ln 2), amsa kuma ita ce 2^x · ln 2.

Lambar da ke saukowa ba ado ba ce. Idan yawan ƙwayoyin cuta N = 100e^(0.5t), inda t ke nufin awa, to dN/dt = 0.5N. Wato saurin ƙaruwarsu a kowane lokaci rabin yawansu ne a awa. Wanda ya yar da 0.5 ya ninka saurin sau biyu.

Ga aikin gwaji: e^(7x), e^(x³ + 1) da 3^x. A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin Juma'a. Muna roƙon malamanmu na lissafi su taya mu dubawa, kuma za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba.