Harafin da ke cikin alamar Bluetooth: asalinsa, sunansa da abin da ake jingina masa

Uwargida, duk lokacin da kika kunna Bluetooth don tura wa 'yar'uwa hotunan biki, wata 'yar alama mai kusurwoyi kan bayyana a saman wayarki. Haruffa biyu ne na wani tsohon rubutun mutanen arewacin Turai aka haɗe wuri guda. Ɗaya daga cikinsu, ᛒ, shi ne yanzu ake sayar wa mata a intanet da sunan “alamar haihuwa”, don haka ya kamata mu san tarihinsa.

Ana kiran haruffan wannan rubutu run. Ƙabilun Jamusawa na dā, kakannin mutanen Jamus, Ingila, Denmak, Suwidin da Norwe, su ne suka yi amfani da su tun ƙarni na 2 miladiyya. Tsohon jerin yana da haruffa 24, kuma ᛒ ne na 18. An same shi a jikin wani dutse da aka tono a Kylver, a tsibirin Gotland na Suwidin, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 400. Masana na ganin an aro siffarsa ne daga harafin B na tsofaffin rubuce-rubucen Italiya. Da yake a jikin itace da dutse ake sassaƙa shi, sai aka miƙe lanƙwasarsa ta koma kusurwa.

Kowane harafin run yana da suna, kuma sunan kan fara da sautin harafin. Mutanen Iskandinabiya sun kira wannan bjarkan, tsofaffin Ingilishi suka ce beorc. Da kwatanta waɗannan ne masana suka gano cewa asalin sunan zai zama berkanan. Ma'anarsa wata bishiya ce mai farin ɓawo da ke tsirowa a ƙasashe masu sanyi, wadda Turawan Ingila ke kira birch.

To, me ya kawo shi cikin waya? Wajen shekara ta 958 zuwa 986 an yi wani sarki a Denmak mai suna Harald, wanda ake wa laƙabi da Blåtand, wato mai shuɗin haƙori. Da Ingilishi laƙabin ya zama Bluetooth. An san shi da haɗa kan ƙasar Denmak ƙarƙashin sarauta ɗaya. A 1997 wani injiniyan kamfanin Intel, Jim Kardach, ya ba da shawarar a raɗa wa sabuwar fasahar sunan sarkin, tunda ita ma aikinta haɗa na'urori ne. Aka ɗauki ᚼ, farkon Harald, aka ɗora a kan ᛒ, farkon Blåtand, alamar ta fito.

Batun haihuwa fa? Akwai tsofaffin waƙoƙi uku, na Ingila, Norwe da Aisland, da ke bayanin sunayen haruffan. A baitocin wannan harafi, ukun duka maganar rassa da ganyen bishiya suke yi, babu mace ko jariri a ciki. Ta Ingila ma cewa ta yi bishiyar ba ta 'ya'ya. Littattafan duba na zamaninmu ne suka yayata fassarar “harafin uwa da haihuwa”, musamman bayan da Ralph Blum ya fitar da littafinsa a Amurka a 1982. Daga nan ta shiga sarƙoƙi, awarwaro da zobban da ake tallatawa a shafukan sada zumunta.

A nan ne abin ya shafe ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Macen da ta daɗe tana jiran ciki, ga gorin dangin miji, ga tambayar ƙawaye, abu kaɗan ne zai ja hankalinta. Kuɗin sarƙar ba shi ne babbar asara ba, watannin da za a ɓata ana jira su ne abin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Idan ma'aurata sun shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, lokacin ganin likita ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa. Kuma su je tare, domin matsalar kan iya kasancewa daga maigida, gwajinsa ma ya fi sauƙi.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan tallan ya faɗo miki a waya, kin san abin da kike gani: harafin B ne na mutanen dā, mai sunan bishiya. Ki ba yara labarin sarki mai shuɗin haƙori su sha mamaki, maganar haihuwa kuwa a kai ta asibiti da wuri.