Jirgi Yana Teku, Tiya Tana Garagumsa

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk sa'ad da shinkafa ko taki suka yi tsada a Garagumsa da Taketa, amsa ɗaya mai saye ke ji: "Jirgi bai iso ba." Sai ya haɗiye miyau, sai ka ce zancen jirgin ruwa gaibu ne.

Alhali jiragen da ke ɗauko alkama, shinkafa da taki cikin manyan rumbunansu, kowanne yana da lambar hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, mai alƙaluma 7, wadda ba ta sauyawa ko da an sake masa suna da tuta. Tun 2004 aka wajabta musu na'urar AIS, mai shelar inda jirgi yake, gudunsa da tashar da ya nufa. Mai wayar hannu na iya ganin tsawonsa da nauyin da yake ɗauka a shafin MarineTraffic. Haka duniya ta bi sawun jirgin Razoni a Agustan 2022, da ya taso daga Odesa ɗauke da masara wajen tan 26,000.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bin sawun kaya gadonmu ne. A zamanin Sarki Tanimu, cikin ƙarni na 19, Damagaram zango ce ta ayarin da ke ratsa Agadas da Gat zuwa Tarabulus, da fatu da gashin jimina. Attajiri irin Malam Yaro yana zaune a Damagaram, amma wasiƙun wakilansa na kawo masa labarin madugu da farashi daga nesa. Da jirgin ƙasa ya shigo Kano a 1911, ciniki ya juya kudu zuwa bakin teku, ilimin hanya kuma ya suɓuce mana. Yaranmu nawa aka koya wa wannan a makaranta?

Sai dai na'urar AIS ba ta faɗin mai kaya, kuma ba ta bin motar da ta taso daga Lome ta ratsa Burkina Faso. Wannan labari yana hannun jami'an duwan da hukumar masu amfani da sufuri, CNUT. To me ya hana su fitar da shi kowane mako, gidajen rediyon Damagaram su karanta da Hausa? Matasa masu waya, ku koyi duba jirgi. Ranar kasuwa, wanda ya ce bai iso ba, ku tambaye shi sunan jirgin.