Karaoke a Falo: Yadda Kwamfutar Gida ke Mayar da Iyali Mawaƙa

Kalmar karaoke daga harshen Japan ta fito: "kara" na nufin fanko, "oke" kuma gajarta kalmar ƙungiyar makaɗa ce. Ma'anarta kiɗa ba mawaƙi, wanda ake barin gurbinsa domin duk mai sha'awa ya cike. Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, ya ƙera na'urarsa a 1971, bai kuma yi mata rajistar mallakar fasaha ba. A 2004 aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel, bisa dalilin cewa ya samar wa mutane hanyar koyon haƙuri da juna. A yau abin da ya buƙaci akwati na musamman a mashaya, kwamfutar da ke kan tebur a gidan ma'aikaci a Kubwa ko Lugbe tana iya yin sa.

Sirrin abin shi ne haɗa baiti da lokaci. Tun shekarun 1980 aka fito da faifan CD+G, wanda ke ɗauke da rubutu mai launi 16 tare da sauti. Da kwamfuta ta yaɗu, sai aka mayar da shi MP3+G: fayil biyu masu suna ɗaya, guda na kiɗa, guda na rubutu, kuma idan aka raba su ko aka sauya sunan ɗaya, allo zai tsaya babu komai. Akwai kuma fayil ɗin KAR, wanda umarnin kiɗa ne ba sautin da aka naɗa ba, shi ya sa ake iya ɗaga murya ko sauke ta, a rage gudu ko a ƙara, ba tare da waƙar ta lalace ba. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe MP3+G. KaraFun ta ƙasar Faransa tana da rumbun waƙoƙi na biyan kuɗi. UltraStar Deluxe kuwa har maki take bai wa mai rerawa.

Sai dai mai neman waƙar Hausa a waɗannan rumbuna zai sha wuya, domin Turanci da manyan harsunan Turai da Asiya ne suka mamaye su. Mafita ita ce iyali su shirya nasu da tsarin LRC, wanda rubutu ne zalla da ake iya yi a Notepad. A gaban kowane baiti ana sa minti da daƙiƙar da zai bayyana, kamar [01:15.30], sannan a adana shi da sunan fayil ɗin waƙar, a buɗe da manhajar da ta san tsarin. Wajibi ne a zaɓi UTF-8 wajen adanawa, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, za su rikiɗe su zama alamar tambaya.

Cire muryar mawaƙi shi ne mataki na gaba. Tsohuwar dabara, wadda ake yi da Audacity, ta dogara ne da cewa a naɗin da ke da ɓangaren dama da hagu, murya kan zauna a tsakiya. Idan aka kifar da ɓangare ɗaya aka haɗa da ɗayan, sai ta dushe. Wannan dabara ba ta aiki a tsofaffin kaset da aka naɗa a layi ɗaya, domin kiɗan ma zai tafi tare da muryar. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin su Spleeter da kamfanin Deezer ya saki a 2019, sun fi iya rarrabewa. Amma waƙar Hausa ta gargajiya tana da nata sauƙin: tsarin jagora da 'yan amshi, kamar yadda aka sani a waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, yana ba da damar a bar muryar jagora yadda take, iyali su karɓi amshi daga allo.

Ta fuskar kayan aiki, makirufo mai waya ya fi na Bluetooth, domin jinkirin da na biyun ke kawowa, ko da ɗan ɓangaren daƙiƙa ne, yana sa murya ta riƙa bin bayan kiɗa. Kebul ɗin HDMI zai kai rubutun kan talabijin, kuma ajiye lasifika a gaban mai waƙa tana kallon masu sauraro yana hana ƙarar nan mai huda kunne.

Akwai iyakoki uku da ya kamata ma'aikaci ya kiyaye. Na farko, kwamfutar ofis amana ce: saukar da manhajojin sata a kanta ƙofa ce ga ƙwayoyin cutar da ke iya kwashe takardun gwamnati. Na biyu, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare mawaƙa. Rerawa a falo daban, ɗora kiɗan wani a intanet ko amfani da shi a taron da ake karɓar kuɗi daban, wannan yana buƙatar izini. Na uku, maƙwabci a rukunin gidaje yana da haƙƙin barci, kuma hukumar NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009.

Babbar riba ga iyalan Abuja ita ce harshe. Yaron da ke tashi da Turanci a makaranta da Pidgin a unguwa sau da yawa yana jin Hausa amma ba ya iya karanta ta. Idan baiti yana haskawa a daidai lokacin da ake furta shi, ido da kunne suna koyo tare, yaro ya gane bambancin "kafa" da "ƙafa" ba tare da an zaunar da shi darasi ba. Waƙa ɗaya da uwa ko uba suka zaɓa da kyau suka shirya a ƙarshen mako ta isa a fara.