Shirin Musamman: Ƙaramin Ƙarfen Da Ke Shanye Wa Direba Mai

Yau za mu leƙa Magazin ta Suame, unguwar nan ta makanikai a nan Kumasi, inda dubban masta da yaransu ke wuni a ƙarƙashin motoci. A cikin koke-koken da direbobin tasi da tiro-tiro ke kaiwa can akwai wanda kusan kullum sai an ji shi: "Masta, motar nan shan mai take kamar me, ga baƙin hayaƙi, kuma in ta yi zafi ba ta son tashi."

Sau da yawa sai a canza fulogi, a wanke injekta, direba ya biya sidi ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo da kukan nan dai. Alhali mai laifin wani ɗan ƙarfe ne da bai kai yatsa tsawo ba, wanda aka ɗaure kusa da inda ruwan lagireto ke fita daga inji. Shi ne ke auna zafin ruwan, makanikai na ce masa sensa.

Ga yadda yake aiki. Ƙwaƙwalwar mota tana aika masa wuta bolt 5. In inji na da sanyi, sai ya tare wutar da ƙarfi. Yana ɗaukar zafi yana sakin ta. A motoci da yawa, in ka sa mita za ka ga wajen om 2,000 zuwa 3,000 a zafin digiri 20, in inji ya kai digiri 80 kuwa sai ya sauko wajen om 300. Da wannan ƙwaƙwalwa ke yanke yawan man da za ta zuba da lokacin da fanka za ta tashi. To in wayarsa ta tsinke, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana sanyin digiri 40 ƙasa da sifili. A Kumasi! Wata motar sai ta yi ta ɗura fetur, wata kuma ta bar fanka tana gudu ba tsayawa.

Yawancin motocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai da Koriya suna da kafar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. A Amurka tun 1996 aka wajabta ta. In na'urar ta nuna P0118, yawanci layin ne ya yanke. In P0117 ce, wayar na taɓa jikin mota. P0115 kuwa cewa kawai take akwai matsala a layin. Ku lura, layi ta ce. Layin ya haɗa da sensa da soket da wayoyi, kuma a nan ake asarar kuɗi, domin wasu da sun ga lamba sai su aiki yaro ya sayo sabuwar sensa.

Masta mai haƙuri da sassafe yake farawa, kafin a tada inji. Motar da ta kwana, zafin ruwanta da na iskar da take shaƙa kusan ɗaya za su nuna a na'ura. In sun yi nisa da juna, an kama bakin zare. Sai ya zare soket ya duba: ko ya yi kore da tsatsa, ko haƙoransa sun saki, ko zafi ya gasa robar waya, ko ɓera ya yi aikinsa. Ya murɗa makulli ba tare da ya tada ba, ya auna ko bolt 5 na isowa. In tana isowa, sannan ne zai kwance sensa ya tsoma bakinta a ruwan zafi yana kallon mita. Lamba ta riƙa sauka a hankali. In tana tsalle ko ta ƙame wuri ɗaya, ta mutu. A tuna kuma, wasu motocin sensa biyu gare su, ɗaya ta allurar gaban direba, ɗaya ta ƙwaƙwalwa. Allura na iya nuna lafiya alhali ɗayar na zuba ƙarya.

Akwai wata al'ada da ni dai ban yarda da ita ba, wato cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi, da zarar mota ta iso, wai ƙasarmu zafi gare ta, a kuma jona fanka kai tsaye. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, wajen digiri 90, sensa kuwa gaskiya take faɗa, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai. Haka in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga, sensa ba ta jiƙe ba, me za ta auna? Ruwan famfo zalla da ake ɗurawa shi ma tsatsa yake tarawa.

Saboda haka direbobi, kada ku buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na ƙona fuska. In kuma kun je gareji aka ce sensa ce, ku roƙi masta cikin ladabi ya sa mita a gabanku, a duba soket da waya kafin ku ciro kuɗi. Mu kwana lafiya.